Kafin A Shiga Da Ɗanki Ɗakin Tiyata: Abin Da Likitan Baki Da Muƙamuƙi Ke Jiran Ji Daga Bakinki

Uwargida, kwatanta wannan a ranki. Wata biyu ke nan kina zirga-zirga tsakanin Dogarawa da Shika. Ki fito bakin titi da sassafe da yaro a hannu, ki hau keke-napep zuwa Kwangila, ki sauya mota ta bi da ku ta Palladan da Samaru, har ƙofar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. An ɗebi jini, an ɗauki hoto, an ba ku rana. Jiya aka ba ku gado. Da yamma nas ta zo ta ce, "Maman yaro, daga tsakar dare kada ya sa komai a bakinsa, gobe da safe za a shiga da shi."

Asuba ta yi, yaro ya farka yana kukan yunwa, yana jan zanenki. Ga filas ɗin kunu a ƙarƙashin gado. Zuciyar uwa ta karye, kika ce ai cokali uku ba abinci ba ne. Kika ba shi, ya yi shiru.

Ƙarfe bakwai da rabi sai ga likita da takarda a hannu. "Hajiya, ya ci wani abu tun dare?"

Amsa biyu ce a gabanki. Idan kika faɗi gaskiya, mai yiwuwa a ɗaga aikin zuwa rana ko zuwa wani mako, ki sha faɗan maigida, ki sake kuɗin mota. Idan kika ce "bai ci komai ba", za a shiga da shi, kuma cokali ukun nan na iya zama abin da ya fi wuƙar likita haɗari a ɗakin. Za mu zo kan dalili. Abin da nake so ki fara riƙewa shi ne, tiyata tana farawa tun a ɗakin ganin likita, ranar da aka fara yi miki tambayoyi, kuma a wannan ɓangaren na aikin ke ce babbar ma'aikaciya.

Wane ne likitan baki da muƙamuƙi?

Da yawanmu mun san likitan haƙori da cire haƙori da cike rami kawai. Amma a cikinsu akwai waɗanda, bayan sun gama karatun haƙori, suke ƙara shekaru suna koyon tiyata a asibitin koyarwa. Su ne ke aiki a kan baki, da harshe, da dasashi, da muƙamuƙin sama da na ƙasa, da ƙasusuwan fuska.

Wannan fanni ba baƙo ba ne a yankinmu. Shekaru da dama sashensa na asibitin koyarwa na ABU yana Kaduna, kuma a can ne Farfesa E. O. Adekeye ya fitar da rahotanni biyu a 1980: ɗaya a kan mutum 1,447 da suka samu karaya a ƙasusuwan fuska, ɗaya a kan mutum 109 masu wani ƙari na muƙamuƙi. A 2005 asibitin ya tare a mazauninsa na dindindin a Shika. Abin da mutanen Dogarawa da Sabon Gari da Samaru a da sai sun yi tafiya suke samu, yanzu yana bayan gida.

Abubuwan da suka fi kai iyali wannan sashe su ne:

Tsagewar leɓe ko ganɗa. Jariri ya zo da leɓen sama a tsage, ko rufin bakinsa na ciki a buɗe. Leɓe da ganɗa suna haɗewa ne a watanni uku na farkon ciki, wani lokaci haɗin bai cika ba. A duniya ana samun haka a kusan haihuwa 1 cikin 700. Ba husufin wata ba ne, ba don kin yi wa wani dariya da ciki ba, ba kuma aikin kishiya ba. Ana gyarawa, kuma ƙungiyar Smile Train tana ɗaukar nauyin irin wannan aiki a asibitoci da yawa a Nijeriya, don haka ki tambaya kafin ki sayar da akuyarki.

Karayar muƙamuƙi. Haɗarin babur ne kan gaba. Wani lokaci a ɗaure haƙoran sama da na ƙasa da waya na mako huɗu zuwa shida, wani lokaci a sa ɗan ƙarfe a riƙe ƙashin.

Bakin da ya ƙi buɗuwa. Yaro ya faɗi a kan haɓa yana ƙarami, aka shafa man zafi aka manta. A hankali gaɓar muƙamuƙi da ke gaban kunne ta manne, har ya zama da ƙyar cokali ke shiga.

Kumburin muƙamuƙi. Akwai ƙarin da ake kira amilobilastoma, wanda ba ya ciwo da farko, yana girma sannu a hankali yana cin ƙashi. Akwai kuma wani ciwon daji na yara mai saurin girma, wanda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Shi wannan da magani ake yaƙarsa, ba da yanka ba.

Ruɓar haƙori da ta yi ƙurji har mugunya ta bazu zuwa fuska ko wuya.

Zaizayar baki, wadda likitoci ke kira noma. Tana kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 da yunwa ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda. Daga gyambo a dasashi take farawa, cikin kwanaki ta huda kumatu. A Sakkwato akwai asibiti na musamman dominta tun 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, bayan Nijeriya ta jagoranci neman hakan.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi

Za ki ga ana maimaita miki tambaya ɗaya sau uku: ƙaramin likita ya yi, babba ya yi, likita mai sa barci ya zo ya sake yi. Kada ki ɗauka ba su rubuta ba ne. Kowannensu da abin da yake nema. Ga tambayoyin, ga kuma abin da ke bayansu.

*"An taɓa yi masa aiki ko allurar barci? Akwai wanda ya taɓa samun matsala da ita a danginku?"* Akwai matsalolin allurar barci da ake gado. Idan wani a dangi ya shiga tiyata ya yi zazzaɓi mai tsanani nan take, ko ya daɗe bai farfaɗo ba, ko ya rasu ba a gane dalili ba, ki faɗa. Akwai magungunan da za a kauce musu.

*"Yana zubar da jini da yawa in ya ji ciwo?"* Ki tuna baya. Da aka yi masa kaciya, jinin ya tsaya da wuri? Da wanzami ya cire masa beli fa? Da haƙorinsa ya fita? Ki tuna da 'yan'uwanki maza ma, domin akwai ciwon rashin daskarewar jini da ke bin ɗiya maza ta wajen uwa. Baki da fuska wuri ne mai jijiyoyin jini da yawa, likita yana so ya sani tun kafin ya taɓa.

*"Yana da sikila, asma, farfaɗiya, ciwon zuciya?"* Nan ne iyaye mata da yawa ke yin shiru, musamman a kan farfaɗiya da sikila, don kada magana ta fita ta ɓata wa yarinya aure nan gaba. Likita ba ya kai labari unguwa. Mai sikila ana yi masa aiki, amma da shiri na daban: ƙarin ruwa, ɗumama jiki, iskar oksijin, wani lokaci ƙarin jini tun kafin a shiga. Idan babba ne za a yi wa aikin, a ƙara da hawan jini da ciwon suga, domin sugan da bai daidaita ba yana hana rauni warkewa.

*"Wane magani yake sha?"* Amsar ba ta tsaya ga na asibiti ba. Na kemis, da jiƙo, da sassaƙe, da garin da aka karɓo a kasuwar Sabon Gari, duk magani ne. Asfirin da wasu magungunan ciwon jiki suna sa jini ya daɗe bai tsaya ba. Wasu haɗe-haɗen gargajiya suna taɓa hanta ko ƙoda, waɗanda su ne ke fitar da maganin barci daga jiki. Mafi sauƙi, ki zuba komai a leda ki kai wa likita ya gani da idonsa. Ko ya yi miki ɗan faɗa, faɗan ya fi alheri.

*"Yana shan taba, shisha, ko wani abu?"* Idan saurayi ne, ki fita ki ba su wuri. Akwai abin da yaro ba zai faɗa a gaban mahaifiyarsa ba. Wanda jikinsa ya saba da tiramol ko kodin, adadin maganin kashe zafi da ke isar kowa ba lallai ya ishe shi ba, kuma gara likita ya sani.

*"Yaushe kika ga al'adarki ta ƙarshe?"* Idan ke ce majinyaciyar, kada kunya ta hana ki. Ko zaton ciki kike yi, ki faɗa kafin hoto da kafin magani. Haka in kina shayarwa ko kina shan maganin tsarin iyali.

*"Akwai maganin da ba ya karɓarsa?"* Ƙuraje, ƙaiƙayi, kumburin fuska ko sarƙewar numfashi bayan wata allura ko ƙwaya, duk ki ambata, ko da kin manta sunan maganin.

Me ya sa kowa ke cewa "buɗe bakinka"?

Ga abin da ya bambanta wannan tiyata da ta ciki ko ta ƙafa. Wanda aka sa barci mai nauyi, ana zura masa bututu zuwa maƙogwaro domin na'ura ta taimaka masa da numfashi. To a aikin baki, hanyar da iska ke bi ita ce wurin da likitan tiyata zai yi aikinsa. Mutum biyu ne a ƙofa ɗaya. Shi ya sa a aikin muƙamuƙi sau da yawa ta hanci ake bi da bututun.

Don haka likita mai sa barci zai ce yaro ya buɗe baki iyakar iyawarsa, ya fito da harshe, ya ɗaga kai sama, ya juya wuya. Zai duba ko yatsu uku na mai bakin za su shiga tsakanin haƙoransa. Zai tambaya ko yana minshari, ko wane ɓangaren hanci ya fi shaƙar iska. Zai taɓa haƙora ya ji ko akwai mai girgiɗi, domin haƙorin da ya fita a lokacin aiki na iya faɗawa hanyar numfashi. Idan ɗanki yana shekarun famfara, ki nuna masa haƙorin da ke motsi. Idan babba ne mai haƙorin roba, a faɗa.

Za a kuma auna nauyinsa. Maganin yara da kilo ake lissafa shi, ba da shekaru ba.

Gwajin da kike ganin ɓarnar kuɗi ne

Kowane gwaji tambaya ce da ido ba ya iya amsawa. Awon yawan jini yana nuna ko yaro zai jure abin da zai zuba. Gwajin AA, AS ko SS yana tona sikilar da ba a sani ba. Ana duba rukunin jini domin a tanadi wanda ya dace, kuma a babban aiki za a iya cewa ku kawo masu ba da jini. Ki fara wannan magana da maigida da ƙannensa tun da wuri, kada ta zo ranar aiki kowa ya kashe waya.

Akwai hoton da na'ura ke zagaya kai ta ɗauko muƙamuƙi gaba ɗaya da haƙoransa, akwai kuma sikanin da ke nuna zurfin ƙari ko karaya. Jaririn da aka haifa da tsagewar ganɗa za a saurari zuciyarsa da kyau, domin wasu kan zo da matsalar zuciya tare.

Sai ɗiban 'yar tsoka daga kumburi a kai ɗakin bincike. Nan ne wasu ke guduwa, saboda maganar da ake yi cewa daji ba ya son ƙarfe. Ki duba: kumburi biyu na iya yin kama da juna a ido, alhali ɗaya yanka yake so, ɗaya magani. In ba a duba tsokar ba, lalube za a yi a duhu. Abin da ke ba ƙari damar cin ƙashi shi ne watannin da aka ɓata ana shafe-shafe a gida. Wanda aka kawo yana kamar goro, ɗan wuri za a cire. Wanda aka bari ya kai girman mangwaro, wani lokaci sai an cire rabin muƙamuƙi.

Mu koma kan cokali ukun nan

Mutum a farke, in abu ya nufi hanyar iska sai ya ƙware, ya yi tari ya fitar. Maganin barci yana kashe wannan tsaro. Abin da ke cikin ciki na iya tasowa ya gangara huhu, ga shi haɗe da ruwan ciki mai ƙuna. Huhun yaro ƙarami ne, kaɗan ya isa ya jawo babbar matsala.

Ƙa'idar da likitoci suka fi bi ita ce: abinci da madarar gwangwani ko ta shanu, a tsaya awa 6 kafin aiki. Nonon uwa, awa 4. Ruwa zalla, awa 2. Abinci mai maiƙo kamar nama da soye-soye ya fi daɗewa a ciki, har awa 8. Kunu, koko, fura, yogot da shayi mai madara duk abinci ne, ba ruwa ba. Amma lokacin da likitanku ya faɗa shi za ki bi. Ki ce a gaya miki da ƙarfe nawa, ki sa ƙararrawa a wayarki, ki tashe shi ki ba shi abincin ƙarshe kafin lokacin ya cika, don yunwar safe ta zo da sauƙi. Ki gargaɗi kaka da masu zuwa dubiya, domin sau da yawa alewar tausayi daga hannunsu take fitowa. In kuma an riga an yi kuskure, ki faɗa. Likitoci sun saba jin haka.

Daren aiki ki yi masa wanka, ki wanke masa baki. A cire ɗan kunne, zobe, awarwaro, da duk wani abu mai ƙarfe a jiki. A goge jan farce, a kuma haƙura da baƙin lalle a wannan makon, domin a yatsa ake maƙala abin da ke auna iskar da ke cikin jini.

Idan aka ce an ɗaga aiki

Abin da ciwo, musamman ga wadda ta ci bashi ta zo. Amma wani jinkirin alheri ne. Yaron da ke mura, tari ko zazzaɓi, hanyar numfashinsa na saurin shaƙewa a ƙarƙashin maganin barci, shi ya sa akan jira mako biyu zuwa huɗu bayan ya warke. A lokacin hunturu, da ƙurar Zariya ta taso, ki ƙara kula da shi in ranar ta matso. Idan ya kwana da tari, ki sanar tun kafin ku kama hanya.

Ga jariri mai tsagewar leɓe, akwai tsohuwar ƙa'ida da likitoci ke tunawa da ita: ya kai mako 10, nauyinsa ya kai wajen kilo 4 da rabi, awon jininsa ya kai 10. Galibi ana ɗinke leɓe tsakanin wata 3 zuwa 6, ganɗa kuma tsakanin wata 9 zuwa 18, kafin magana ta zauna a bakinsa. Ke nan aikinki a watannin farko shi ne ƙiba. Ki shayar da shi a zaune, ba a kwance ba. In ba ya iya kama nono, ki tatsa ki ba shi da cokali ko ƙaramin kofi, kaɗan-kaɗan, sau da yawa, kina sa shi gyatsa. Kowane kilo da ya ƙara, ke kika matso da ranar aikin.

Haka yaron da ya tsira daga zaizayar baki. Ba a gaggawar gyara masa fuska sai ciwon ya mutu, jikinsa ya murmure da abinci mai gina jiki.

Kafin a sa hannu

Takardar amincewa ba ta cika-ƙa'ida ba ce. Haƙƙinki ne a yi miki bayani da Hausa har ki gane. Matambayi ba ya ɓata, don haka ki rubuta waɗannan a wayarki:

- Mene ne sunan ciwon, kuma me za a yi daidai?
- Ta cikin baki za a bi ko ta waje? Zai bar tabo?
- Leɓe ko haɓa za su yi sanyi kamar ba nasa ba? Na wane tsawon lokaci?
- Aiki ɗaya ne ko za a sake wani nan gaba?
- Kwana nawa za mu yi a asibiti, me zai ci bayan aiki?
- Nawa ne jimillar kuɗin, har da magani da jini?

Ki yi ƙoƙari maigida ya zo ranar wannan bayani ya ji da kunnensa. Aiki da yawa sun tsaya saboda wanda zai yanke shawara yana kasuwa, ko saboda wani babba a gida ya ce a dakata a gwada na gargajiya tukuna.

Waɗannan ba sa jiran ranar asibiti

Duk abin da muka faɗa na aikin da aka tsara ne. Akwai alamun da in kin gani, ko tsakar dare ne, sai sashen gaggawa:

- Ciwon haƙori da ya koma kumburi a ƙarƙashin haɓa, harshe ya ɗago, miyau na dalala, haɗiya ko numfashi na wahala. Kada a gasa da ruwan zafi, kada a kai wa wanzami ya tsaga. Wannan kumburi na iya toshe numfashi cikin sa'o'i.
- Yaro ramamme mai warin baki, dasashi na jini, kumatu ya kumbura ko ya fara baƙi. Zaizayar baki tana jin magani in an kama ta a kwanakin farko. In aka bar ta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe kusan 9 cikin 10.
- Bayan faɗuwa ko haɗari, haƙoran sama da na ƙasa sun daina haɗuwa yadda suka saba.
- Haƙorin girma ya fita ɗungurungum. A riƙe shi ta kai, ba ta saiwa ba, a sa shi cikin madara, a garzaya cikin awa ɗaya. Wani lokaci ana iya mayar da shi.

Uwargida, likita ya san ƙashi da jijiya, amma bai san daren da jinin kaciya ya ƙi tsayawa ba, bai san jiƙon da ke bayan randa ba, bai ga cokali ukun asuba ba. Ke kaɗai kika san waɗannan. Lafiya ta Allah ce, Shi ke ba da sa'a, amma Ya ɗora mana riƙo da sababi, kuma naki sababin shi ne gaskiya a gaban likita.

Idan an taɓa yi wa ɗanki irin wannan aiki, ki ba 'yan'uwa labarin yadda kika lallashe shi a daren azumin tiyata. Wata tana can a bakin gado yau da filas a hannu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya raya mana zuri'a.